Daminar da Baba Ya Yanka Ƙamus

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauko sau biyu a farkon damina, kowa ya ruga ya yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa. Yau kwana goma sha shida ke nan ba ɗigo a Damagaram. Da hantsi duwatsun unguwar Birni suna huci, da la'asar hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi mu mayar da bokitanmu ɗaki. Jiya maƙwabciyata ta dafa tafasa, don marmari kawai, ta aiko mini da kwano guda. Ina ɗaga murfin, ƙamshin nan mai ɗaci-ɗaci ya bugi hancina, sai ga ni a ƙauyen Hamdara shekara talatin da wani abu baya, ina ƴar shekara goma sha takwas, ina fushi da mahaifina.

Ni malamar Ingilishi ce a wani lise, wato babbar sakandare, nan cikin gari, ƴan ajin adabi nake koyarwa, masu shirin zana bak, jarrabawar gama sakandare. In za a tafi hutun damina nakan ba su jerin manyan kalmomi su tafi da su gida. Kowannensu da ƙamus a cikin waya, ya danna ta faɗa masa ma'ana, har ta furta masa da muryar Baturiya. Ba na yi musu ƙyashi, wallahi da na samu irinta a zamaninmu da hannu biyu zan karɓa. A namu zamanin kuwa ƙamus ɗaya ne tak a duk makarantar wanda yake fassara Ingilishi da Ingilishi, kuma ba na makaranta ba ne. Na Ticha Mamman ne.

Duk malamanmu Mushe muke ce musu da Faransanci, shi kaɗai ne Ticha. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai dole. A Najeriya ya yi karatu, daga can ya zo da littafin, ƙato mai shuɗin bango, bayansa har ya fara tsagewa don tsufa. In ya shigo aji yakan ajiye shi a kan tebur ya ɗora hannu a kai, mu dai sai kallo. Ranar da za a ba mu hutu, mu da za mu shiga ajin ƙarshe, ya tsayar da ni bayan kowa ya fita. Ya ce rubutuna yana da kai, amma kalmomina ba su fi kayan miyar gidan da aka yi baƙi ba shiri ba, komai a wurina mai kyau ne ko marar kyau, babba ne ko ƙarami. Ya ce littattafan da za mu karanta baɗi ba za su buɗe mini ƙofa da wannan ɗan guzurin ba, mai karatun adabi kalma biyar yake buƙata ta zafi, ba ɗaya ba. Sai ya turo mini ƙamus ɗin.

"Fanna, ban taɓa ba kowa aron littafin nan ba," in ji shi. "In ya dawo yadda ya tafi, baɗi wani zai ɗauka. In bai dawo ba, ke ce ta farko, ke ce ta ƙarshe."

Na naɗe shi a ɗankwalina na rungumo shi har gida, ko gaisuwar hanya ban tsaya amsawa ba.

Mu asalinmu Barebari ne, kakannin Baba daga Barno suka zo. Goni Kyari ake ce masa, sana'arsa rubuta Alƙur'ani da hannu, daga ka. A gidanmu littattafai sun fi tukwane yawa, amma babu ɗaya da aka ɗinke. Duk falle-falle suke, a jere tsakanin bango biyu, a naɗe da ƙyalle, a cikin gafaka ta jar fata. Haka ya gada, haka ya san littafi. Kowace damina kuma mukan rufe gidan Birni mu koma Hamdara, inda gonarmu take kusa da ta Gwaggo, ƙanwarsa, sai an yi girbi mu dawo.

Daminar nan ta same mu a tsaye. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, muka tarar da rumbu sai an zura kai da kafaɗa kafin a taɓo gero. Inna ta ajiye babbar tiyar awo ta ɗauko ƙarama. Tun da asuba ni da Hadiza, ƴar Gwaggo, wadda ajinmu ɗaya a lise, mu tafi rijiya mu ja guga har tafin hannu ya yi ja. Mu dawo mu sha kunu tsararo wanda kana iya hango gindin kwano ta cikinsa. Sai gona. Da rana farau-farau, ruwa ne da aka nuna wa gari. Da yamma tafasa ko yaɗiya, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, in an yi sa'a a barbaɗa garin rogo. Tuwo sai an tsallake kwana. Baba da ma yana azumin Litinin da Alhamis, a daminar nan sai ga shi ya ƙara da Talata, wani makon har da Asabar. Ni a wautata na ɗauka ibada ce ta ƙaru.

Ruwan shuka ya sauko, muka bi Baba yana sara da sungumi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro, ya yi kamar tsawon yatsa, ya kai taƙi, sai sama ta rufe bakinta. Ni dai a lokacin ba ruwana da sama. Ina da ƙamus. Da na sami sarari sai in wanke hannu, in shimfiɗa ɗankwali, in buɗe shi a hankali kada tsagar bayan nan ta ƙaru. Ɗakin Baba ne kaɗai mai rufin kirki, saboda haka a kan akwatinsa nake ajiye shi.

Aka kira ni noman gonar Gwaggo, na yi kwana biyu a can. Ranar da na dawo, ko ƙafa ban wanke ba Baba ya kira ni. Na same shi a kan buzunsa fuska a sake, irin ta wanda ya tanadar wa mutum kyauta. Ya miƙo mini wata sabuwar gafaka, ja wur, tana ƙanshin jima. Na san ta, ita ce ya tanada don Alƙur'anin da yake kan rubutawa. Na kwance igiyar, na zaro abin da ke ciki, na warware ƙyallen. Shuɗin bango ne, na gaba da na baya, kowanne daban. A tsakaninsu ga ƙamus ɗin Ticha Mamman, falle-falle, an datse gefen nan mai danƙo tas da wuƙar fiƙe alƙalami, ko ɗaya bai karkace ba.

Ya yi mini bayani a natse. Wai gara ta ji ƙanshin danƙon da aka liƙe bayan littafin da shi, har ta fara gini a jikin akwati, da an ƙara kwana uku da ta shiga. Ya raba shi da abin da ke kiranta. Ya ƙara da cewa wanda ya ɗinke littafi mai girma haka bai san darajarsa ba, yini biyu ya yi yana warware ɓarnar.

Da ƙyar na ce, "Baba, ba nawa ba ne fa."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na ba shi sabuwar gafaka."

A gidanmu ba a ɗaga wa Baba murya, ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, har yau ɗalibaina za su ba da shaida. Saboda haka na yi abin da na iya. Gaisuwar safe na mayar da ita kalma biyu, ina durƙusawa ina miƙewa. Ruwan alwalarsa da nake kai masa na bar wa Inna. Tawadarsa, wadda tun ina ƴar shekara tara ni ke jiƙa ƙaro in dafa in tace, na ce hannuna yana ciwo. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce mutumin nan alheri ya nufa. Na ce alherin ya kashe ni, da wane ido zan dubi Ticha? In na wuce sai Baba ya bi ni da kallo ya koma kan rubutunsa.

Hadiza kuwa da na nuna mata, dariya ta yi har ta kwanta a kan yashi tana riƙe ciki. Na kusa marinta. Da ta farfaɗo ta share hawaye ta ce to tunda an riga an yanka, ai sai a raba nama. Kwana nawa tana roƙona in bar ta ta duba ina hanawa, yanzu kuwa mutum uku ma za su iya karatu a lokaci ɗaya. Na ukun da take nufi Ilu ne, ɗan ajinmu, wanda garinsu ke wajen Zermu, yakan zo Hamdara ranar kasuwa a kan keken yayansa. Na yi gardama ta kwana ɗaya, na ga gardamar ba za ta mayar da danƙo ba. Muka kasa shi uku. Na ɗauki farko, Hadiza ta ɗauki tsakiya, Ilu ya ɗaure ƙarshen a ƙirjinsa ya hau keke.

Nan muka gane abin da ba mu yi lissafi da shi ba. Ƙamus ɗin nan da Ingilishi yake bayani. Ka buɗe kalma, ta aike ka gidan wata kalma, ita kuma wannan tana Zermu. In tana wurin Hadiza da sauƙi, in leƙa ta kan danga in yi kira. In ta Ilu ce sai ranar kasuwa. Kwana shida kalma tana cin raina, ina juya ta, ina auna ta da jimlar da na gan ta a ciki, ina cewa ko kaza take nufi. Ranar kasuwa mu haɗu a bayan rumfar masu gishiri, kowa da jerin tambayoyinsa a takardar kaye, wato littafin rubutu. Wanda ya canka daidai ya yi ta hura hanci, wanda ya faɗi a yi masa tsiya har mako mai zuwa. Abin mamaki, duk kalmar da na yi wa jiran kwana shida, har yau ba ta bar kaina ba.

Ticha yana da wata doka da ya sha nanata mana: kalma ba ta zama taka sai ka ɗora ta a kan abin da idonka ya gani, sau uku. To, a Hamdara abin gani bai wuce gero, rana da yunwa ba, su muka yi ta ɗora wa. Na ɗauko tsohon allona na yarinta, kowace safiya in rubuta kalma goma, in jingine shi a bakin gona. Layin gero ɗaya kalma ɗaya. In na tafi da hauya ina maimaita ta, in na juyo ina gina mata jimla da ƙarfi, Hadiza daga nata layin tana gyara mini ko tana ƙaryata ni. Sai na haddace goman nan nake wanke allo. Geron da ya lanƙwashe ya koya mini wither, wato yaushi. Kunun Inna ya koya mini meagre, wato abin da bai taka kara ya karya ba, na kuwa faɗe ta sau uku a gabanta har ta tambayi ma'ana. Da na gaya mata ta ɗaga ludayi kamar za ta buge ni, amma daga ranar in ta dama sai ta ce mu zo ga migarmu ta huce. Tsofaffin da ke wucewa ta gefen gona suna jin muna ta sambatu, wata ta je ta gaya wa Gwaggo a nema mana magani, rana ta taɓa mu.

Kwana ashirin ba ruwa. Ganyen gero ya naɗe kamar an murza shi, yashi in ka taka da tsakar rana sai ka yi rawa. An fita roƙon ruwa sau biyu. Baba ya ce duk da haka a yi maimai, noma na biyu ke nan, don in ruwan ya zo gero kaɗai zai sha ba ciyawa ba. Ya kira gayya. Inna ta share gindin rumbu ta daka fura ta gaske, irin wadda muka manta ɗanɗanonta, don ba a kiran mutane aiki a ba su farau-farau. Maza wajen ashirin suka zo da hauyoyinsu. Ilu ma ya zo, da nasa kason a ƙirji, don mun shirya ranar za mu yi musanya. Muka haɗa kaso ukun a gindin wata aduwa, muka danne da dutse.

Zafin ranar daban ne. Ba iska ko kaɗan, gumi ya fito ya ƙi bushewa, numfashi ma sai ka ja da ƙarfi. Da aka zauna shan fura Ilu ya goge wuya ya ce wannan shi ne sultry. Na ce ƙarya ne, sweltering ne. Ya ce nasa zafi ne mai nauyi da ke zuwa gaban hadari, nawa kuwa zafi ne kawai, kuma harafin a hannunsa ya yi makonni, wa zai gaya masa? Ni kuma a duniya ba abin da na ƙi kamar a fi ni gaskiya. Na tashi fuu, na je gindin aduwa, na ɗage dutsen, na tono fallen, na duba. Shi ne da gaskiya. Haushi ya sa na tsaya neman wata kalmar da zan rama da ita, sai Inna ta ƙwala mini kira in zo in kwashe ƙore. Na tafi, dutsen yana gefe.

Ban kai ga ƙwarya ta uku ba na ji sanyi ya taɓa bayan wuyana. Na waiga, gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa har sama. Wani ya yi kabbara, mata suka fara guɗa. Iskar ta iso gaba ɗaya, na ga ƙamus ɗin Ticha Mamman ya tashi sama, fari fat, ya bazu a kan gonar kamar an kori balbelu.

Ihun da na yi, an ce har cikin gari an ji. Abin da ya biyo baya kuwa, in na tuna shi yau sai na yi dariya har ƙwalla, amma a ranar kuka nake. Maza ashirin suka zubar da hauyoyi suka bi takarda. Wani dattijo yana cafkewa yana cusawa a cikin malafarsa. Gwaggo ta baza zane tana tara kamar mai kamun fara. Ilu ya yi tsalle ya kamo ɗaya ya faɗa cikin ƙarangiya. Ba wanda ya san abin da ke rubuce, sun dai ga rubutu ne, kuma daga gidan Goni ya fito, ba a bari ya taɓa ƙasa. Ana cikin haka ruwan ya kece, manyan ɗigo masu zafin duka, ƙasa ta tashi da ƙanshin nan da muka yi kwana ashirin muna jira. Mutane suna gudu suna dariya suna hamdala, kowa da takardu a cikin riga.

A zauren Gwaggo muka zube su. Ruwa yana dukan rufi, mu uku muna bin lamba muna jerawa, waɗanda suka jiƙe muna shimfiɗawa a kan tabarma. Kafin la'asar sakaliya muka gama. Falle uku babu, duk daga harafin da na je tonowa. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai ga Baba, shi ne na ƙarshen shigowa, rawaninsa yana ɗiga. Ya zaro hannu daga cikin riga. Su ne, ya ciro su daga cikin ƙayar shinge, sun sha laka, sun yayyage, ɗaya har da rami a tsakiya. Yana wurin sa'ad da na ɗage dutsen, a kan idonsa na yi. Bai tambayi wanda ya yi ba.

"Ni na yanka," ya ce. "Ni zan rubuta."

Na juya wajen Inna na ce, yadda zai ji, ai Baba bai san boko ba. Ya amsa wa Inna shi ma, ya ce ido ya san siffa, hannu kuma ya saba biyayya.

Daga ranar ruwa bai sake yi mana rowa ba. Gero ya miƙe ya yi duhu, kwaɗi suka cika tafki da surutu, rufin ɗakinmu ya yi ta yoyo muna kafa ƙore. Yunwa dai tana nan, don wanda ke gona bai nuna ba, na rumbu kuma ya ƙare, sai abin da Gwaggo ta raba da mu. Baba ya ajiye rubutun Alƙur'aninsa. Ya ɗauko takardarsa mai kyau ya yanka daidai girman fallen ƙamus, ya fiƙe alƙalami siriri kamar allura. Kowace safiya in rana ta fito ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, yagaggen falle a gwiwar hagu, sabo a ta dama. Daga dama yake farawa ya nufi hagu, yadda ya saba, harafi ɗaya bayan ɗaya, yana auna tsakaninsu da tsinke. Layi biyar ya kai shi azahar. In ya ɗago sai ya daɗe yana murza ido.

Inda takarda ta ɓace, Ilu ya cike daga ka, don ya haddace wurin. Ni ke rubutawa a allo da manyan haruffa in jingine a ƙofar Baba in wuce, ba magana. Tawadar da Inna ta dafa masa na gani, ruwa-ruwa ce, tana bajewa. Kwana biyu ina kallonta tana ci mini rai. A na uku na jiƙa ƙaro na dafa ta kirki na ajiye kusa da allon. Ya gani, ya tsoma alƙalami, ya ci gaba. Na so in durƙusa in ce Baba ka yafe mini, ni na ɗage dutsen. Sau nawa ina zuwa har bakin ƙofa, bakina ya ƙi buɗuwa. Kunya ce da girman kai suka haɗu suka danne ni. Ranar da muka gasa tumun farko, muna ci muna ƙona baki don haɗama, ranar ya gama. Falle uku sun zama takwas, don duk ƙoƙarinsa bai iya ƙanƙanta rubutu kamar na inji ba.

Ranar komawa makaranta na fito da gafaka a hammata sai na tarar da shi a zaure ya sha farar riga. Ya ce tare za mu. Na so ƙasa ta tsage. Duk tsawon hanya daga Birni ina gaba yana baya, ina sauri kamar ban san shi ba. Muka tarar aji ya cika, mu arba'in da wani abu, Ticha Mamman yana tsaye. Da ya ga Baba ya fito da sauri ya rusuna ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa. Na ajiye gafakar a kan tebur.

Ya kwance igiyar. Ya warware ƙyallen. Ya ɗaga shuɗin bangon, bangon ya taho a hannunsa shi kaɗai. Ina jin Hadiza tana haɗiyar yawu a bayana. Na buɗe baki zan fara bayani, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya faɗi komai da bakinsa, garar, wuƙar, iskar. Dutsen ne kawai bai ambata ba. Ya ce yarinya ta riƙe amana, shi ne ya yi karambani a kan abin da bai sani ba.

Ticha ya jawo ƙamus ɗin gabansa. Ya yi ta ɗaga fallaye, masu tabon ruwa da masu sawun yatsun manoma. Ya zaro ɗaya ya jefa wa Ilu kalma, Ilu ya ba shi ma'ana da jimla a kan jakin maƙwabcinsu. Ya jefa wa Hadiza, ya jefa mini, ya sake zagayowa, har sau biyar ba wanda ya faɗi. Sai ya iso kan rubutun Baba. Ya ɗauki takwas ɗin ya tafi bakin taga, ya bi su da yatsa layi-layi. A falle na shida ya tsaya. Ashe tun yana ɗalibi ya taɓa yin ɗan rubutu da fensir a gefen shafin, Baba kuwa bai san ba na littafin ba ne, ya kwafe shi yadda yake, har da karkacewar hannun. Ticha ya daɗe yana kallon rubutun kansa da hannun wani.

Ya dawo tebur ya dube ni. "Bai dawo yadda ya tafi ba, Fanna."

Na ce haka ne, Ticha. Na sunkuyar da kai ina jiran sauran.

"Saboda haka baɗi ba zan ba mutum ɗaya ba."

Ya buɗe littafin kiran suna. Duk wanda ya kira ya fito, ya damƙa masa fallaye ashirin, ya ce ranar Litinin a kawo a yi musanya. Ajin ya kaure, waɗanda shekara biyu suna hangen littafin nan daga nesa suna karɓa da hannu biyu suna shinshinawa. Takwas ɗin nan kuwa ya ware su gefe, ya ce waɗannan ba ya ba da aronsu. Ya ɗauki na ƙarshen ya durƙusa a gaban Baba, ya miƙa masa bik, wato biro.

"Allah ya gafarta Malam, na san in kun gama rubuta littafi kukan sa suna a ƙarshe. Ba a sa a nan ba."

Baba ya jujjuya bik ɗin, bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya ɗora takardar a gwiwa ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da ajami, a hankali. Ya miƙa. Sa'an nan ya juyo ya dube ni, a gaban ajin gaba ɗaya, ya yi tambayar da wata biyu bai yi ba.

"Fanna, kin huce?"

Na durƙusa a wurin, a kan simintin aji, na ce, "Baba, ni na ɗage dutsen." Ya ce ya sani, in tashi kada in ɓata zanena. Ban iya tashi ba, kuka nake yi da majina da komai, mutum arba'in suna kallo, sai da ya kama hannuna da kansa ya ɗaga ni.